Samarin zakaru sun addabi gida: a ware su, a fiɗiye su, ko a rage su?

Duk mai kiwon kaji a tsakar gida a Bauchi ya san wannan lokaci. Kaza ta yi kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara ko goma, an yi fama da shaho da sanyi har bakwai sun tsira, sai a wata na huɗu ko na biyar a wayi gari huɗu daga cikinsu sun fito da jan zanko suna gwada cara da shaƙaƙƙiyar murya. Daga nan zaman lafiyar gidan ya ƙare. Da safe dambe ne a bakin akurki, da rana ana bin kaza ɗaya ana zagaya rijiya da ita, da yamma kuma yaro ya shigo da kuka wai zakara ya bi shi. Uwargida, wadda galibi ita ce mai kajin, tana so a bar mata dukiyarta ta ƙara girma, maigida kuwa yana ganin wuƙa ce kawai magani. Kowannensu yana da gaskiya ta wani ɓangare, kuma akwai hanyoyi da dama tsakanin ra'ayoyin biyu, sai dai ba ɗaya suke ba wajen tsada da wahala da amfani.

Kafin a kwatanta hanyoyin ya kamata a gane tushen abin, domin mutane kan ɗora laifin a kan halin zakara alhali mafi yawan matsalar lissafi ce. A kowace ƙyanƙyasa kusan rabin 'yan tsakin maza ne, amma zakara ɗaya lafiyayye ya ishi kaji takwas zuwa goma sha biyu. Gidan da ke da kaji mata shida, idan biyu daga cikinsu suka yi kwanci a damina ɗaya, yana iya kaiwa kaka da samarin zakaru shida ko bakwai ban da tsohon zakaran da ke nan tun farko, wato kusan namiji ɗaya ga kowace mace. A daidai wannan shekaru ne kuma sinadarin balaga yake tashi a jikin saurayin zakara, yana da ƙarfi da sha'awa amma ba shi da dabara ko matsayi. Kaji halittu ne masu tsarin girma a tsakaninsu, kowace ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa, abin da wani masani ɗan ƙasar Norway mai suna Thorleif Schjelderup-Ebbe ya fara bayyanawa a rubuce a farkon shekarun 1920, ko da yake kowace tsohuwa mai watsa wa kaji dawa ta riga shi sani. Saurayin zakara yana neman gurbinsa ne a wannan tsari, kuma idan masu neman gurbin sun yi yawa a fili ƙanƙane, faɗan ba ya ƙarewa domin wanda aka kayar ba shi da inda zai gudu.

Abu na biyu shi ne a lura da wanda ake kai wa farmakin, domin maganin ya danganta da haka. Faɗan zakara da ɗan'uwansa zakara shi ne mafi sauƙi, kuma sau da yawa yakan lafa da kansa. Wahalar da ake ba kaji mata ta fi shi muni, domin samari kan taru a kan kaza ɗaya, su tuge mata gashin baya da na ƙeya har fata ta fito, ta riƙa ɓuya ba ta ci ba ta sha, ƙwanta ya ragu. Na ukun, wato zakaran da ke tasar wa mutane, shi ne wanda ba a yi masa jinkiri idan akwai ƙananan yara a gida.

Hanya mafi arha ita ce a zuba musu ido su sasanta kansu, kuma ba wauta ba ce a inda ta dace. A ƙauyukan da ke wajen gari, inda kaji ke fita bayan gida su bazu cikin gona da juji, wanda aka kayar yakan ja jikinsa can gefe ya yi kiwonsa, ya dawo da magariba, kuma cikin kwanaki kaɗan kowa ya san matsayinsa. Idan akwai tsohon zakara mai kwarjini, shi da kansa yakan tsawatar wa samarin, ya kore su daga kan kaji. Amma a gidajen cikin gari irin na Jahun ko Bakaro ko Nassarawa, inda tsakar gidan siminti ce mai taku goma kuma katanga ta kewaye ta, wannan hanya ba ta aiki. A nan ne ake tarar da zakara da ido ɗaya a rufe, ko zanko a yage yana zubar da jini, kuma da zarar jini ya fito sauran kajin kan yi ta saran wurin domin jan abu yana jan hankalinsu. Wanda ya ji ciwo dole a ɗauke shi nan take, a wanke raunin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a shafa masa maganin nan mai launin shuni da ake kira GV, wanda ban da kashe ƙwayoyin cuta yana kuma rufe jan jinin. Ƙara kasko na biyu na ruwa da wurin cin abinci na biyu nesa da na farko, da jingina tsohuwar zana ko katako inda wanda aka kora zai fake, suna rage faɗan ƙwarai, amma ba sa canza lissafin maza da mata.

Ɗaure zakara da igiya a ƙafa ko kifa masa kwando al'ada ce da kowa ya sani, kuma tana da amfani na kwana ɗaya ko biyu, misali kafin ranar kasuwa ko lokacin da kaza mai rauni take warkewa. Ba ta wuce haka ba. Zakaran da aka ɗaure ba ya iya kare kansa idan sauran suka taso masa, igiya tana cin ƙafa, kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi kan kusanci digiri 40, inuwar da aka ɗaure shi a cikinta da hantsi takan koma rana tsaka da azahar. Ranar da aka sake shi kuma faɗan sabo yake komawa, domin a 'yan kwanakin da ba ya nan wani ya hau gurbinsa.

Ware samarin gaba ɗaya a keji nasu na daban shi ne hanyar da ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ita ce ke ba uwargida abin da take so, wato a bar su su ƙara nauyi, ba tare da an bar kaji mata cikin azaba ba. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne zakaru zalla suna iya zama tare lafiya, musamman waɗanda suka tashi tare tun suna 'yan tsaki, matuƙar babu mace a tsakaninsu kuma ba sa hango ta. Sharaɗin rashin hangen nan shi ne wanda aka fi karyawa. Mutum zai kafa keji na raga a tsakiyar gida, kaji mata suna yawo a gefensa, sannan ya yi mamakin yadda faɗa ya ƙaru. Ya kamata a rufe ɓangaren da ke kallon sauran kajin da zana ko buhu, a bar sama da ɗaya gefen a buɗe domin iska. Filin ma yana da muhimmanci, domin kowane zakara yana buƙatar kusan murabba'in mita ɗaya idan ba za a riƙa sakinsa ba, kuma kejin da aka rufa da kwano ba tare da inuwar bishiya ko ciyawa a kai ba tanda ce a bazara. Sannan ba a fitar da ɗaya a kai shi wurin mata na kwana biyu a dawo da shi, domin dawowarsa tana rushe tsarin da suka kafa.

Inda wannan hanya take da rauni shi ne abinci. Kazar gida riba take bayarwa saboda rabin cinta ita ke nemo shi, ƙwari da gara da tsintar hatsi da ragowar tuwo, amma ranar da aka kulle ta komai ya koma kan mai ita. Babban zakara na irin da aka inganta, kamar Noiler, yana cin giram 100 zuwa 120 ko fiye a rana, don haka guda biyar za su cinye aƙalla kilo 15 a wata, kuma dusa zalla ba ta sa nama. Zakaran gida ya fi haka ƙarancin ci, sai dai shi ma ya fi jinkirin girma. Bayan wata biyar ko shida girman yana raguwa, cin kuwa ba ya raguwa, ta yadda kowane mako da aka ƙara ana ciyar da shi ne don ya ci gaba da rayuwa kawai. A ganina keji na daban yana da ma'ana ne idan an sa masa rana: za a riƙe su zuwa ƙaramar Salla, ko zuwa Kirsimeti da sabuwar shekara lokacin da farashin kaji ke tashi a kasuwannin Muda Lawal da Yelwa, ko zuwa sunan da ake jira a gida. Idan ranar ta wuce wata biyu nan gaba, da wuya ƙarin kuɗin da za a samu ya biya abincin da suka ci. Akwai kuma haɗarin da ba a cika sa shi a lissafi ba, wato annobar kaji da ake kira cutar Niyukasil, wadda ta fi yin ɓarna a lokacin hunturu, daidai lokacin da masu jiran kasuwar Disamba ke riƙe da zakarunsu. Wanda zai jira, to ya yi musu rigakafi tun kafin iskar ta fara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana yin allurar wannan cuta, har da nau'in da ke jure zafi wanda aka yi domin kajin karkara, kuma ma'aikatan lafiyar dabbobi sun san inda ake samunta.

Fiɗiya ita ce hanyar da mutane ke yawan tambaya a kanta, saboda sun ga yadda take kwantar da bunsuru ta sa shi ƙiba. A ƙa'ida haka take yi wa zakara: wanda aka fiɗiye da wuri zankonsa ba ya girma, ba ya damuwa da cara ko bin kaji, ba ya faɗa, namansa kuma yakan yi taushi da maiƙo. Bambancin shi ne marainan bunsuru a waje suke, na zakara kuwa suna can cikin ciki, manne da ƙashin baya kusa da ƙoda, a gefen manyan jijiyoyin jini. Kafin a kai gare su sai an tsaga tsakanin haƙarƙari biyu na ƙarshe, kuma kuskure kaɗan ya isa ya sa tsuntsun ya mutu a hannu. Idan kuma aka bar ɗan guntu a ciki, yakan sake tsirowa, zakaran ya koma halinsa bayan an sha wahalar banza. Babban abin da ke hana wannan hanya amfani ga mai matsalar da muke magana a kai shi ne lokaci. Ana yin fiɗiya ne tun zakara yana ɗan makonni, kafin ya balaga, lokacin da marainan suke ƙanana. Wanda ya riga ya kai wata biyar yana dambe, aikin ya fi haɗari a kansa, kuma ba lallai ne ya manta halin da ya koya ba. Saboda haka fiɗiya shiri ne na mai son kiwon nama wanda ya tanadi gwani tun kafin ƙyanƙyasa, ba magani ba ne ga gidan da ya riga ya rikice. Wanda bai taɓa ganin an yi ba kada ya koya da reza a kan dabba mai rai.

Yanke ƙaimi da rage baki ba sa buƙatar dogon bayani. Saurayin zakara bai ma da ƙaimin kirki, ɗan tsiro ne kawai a bayan ƙafa wanda sai ya haura shekara yake zama makami, don haka da baki da farce yake ɓarnarsa. A tsohon zakara ana iya goge tsinin ƙaimin kaɗan, amma akwai ƙashi mai jini a cikinsa, idan aka zurfafa sai ya yi ta zuba. Rage baki kuwa aikin manyan gonaki ne da ake yi wa 'yan tsaki, kuma kazar da ke rayuwa da tsintar ƙasa bakinta ne jarinta. Ƙaro kaji mata don a daidaita lissafin ma dabara ce da ke da daɗin faɗa kawai, domin zakaru biyar za su buƙaci mata arba'in zuwa sittin, wanda ya fi ƙarfin tsakar gida.

Game da zakaran da ke bin mutane, akwai masu cewa a hora shi, kuma wani lokaci horon yana ci. Abin da ke aiki shi ne natsuwa: kada a gudu idan ya taso, kada a juya masa baya, a tsaya a fuskance shi, ko a kama shi a riƙe a hammata na ɗan lokaci ana ci gaba da aiki, a maimaita kwanaki da dama. Abin da ba ya aiki shi ne shuri da jifa da bulala, domin a wurinsa wannan dambe ne aka karɓa, gobe zai dawo da shiri. Yaran da ke tsokanarsa da kara ko suke kora kaji don wasa su ne sukan koya masa wannan hali tun farko. Matsalar horo ita ce zakara yana bambanta mutane. Yana iya sallama wa babba ya ci gaba da farautar yaro, kuma fuskar yaro ɗan shekara biyu daidai take da inda zakara ke kaiwa idan ya yi tsalle. Na ga haka a gidanmu, inda wani jan zakara da kowa ke yaba kyansa ya daina kula manya sarai bayan an hora shi, har muka ɗauka ya shiryu, sai ranar da ya yagi ɗan ƙanwata a ƙasan ido yana zaune yana cin ɗumame. Tazarar da ke tsakanin raunin da ƙwayar idon ba ta kai faɗin yatsa ba. Tun daga ranar ra'ayina a kan wannan bai canza ba: a gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyar, zakaran da ya tasar wa mutum sau biyu ba a ba shi na uku. Kuma irin wannan ba a barinsa ya yi iri, domin zafin rai yana bin jini, ba a kuma sayar wa maƙwabci mai yara ba tare da an gaya masa dalili ba.

Wannan ya kawo mu ga ragewa, ta hanyar yanka ko sayarwa ko kyauta, wadda ita kaɗai ce ke taɓa tushen matsalar. Ba ta buƙatar keji ko gwani ko ƙarin abinci, kuma sakamakonta a ranar ake ganinsa, domin kaji mata kan fito su ci abinci a natse, gashin bayansu ya fara dawowa. Abin da ke hana mutane yawanci sabo ne, musamman idan yara sun raɗa wa zakaran suna, ko kuma fatan ya ƙara girma. Na farkon Hausawa sun riga sun amsa shi da cewa sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Na biyun kuma lissafin abincin da ya gabata ya amsa shi. Noiler, wanda wani kamfanin ƙyanƙyasa da ke Awe a jihar Oyo ya samar kuma ya yaɗu a gidajen Arewa, yakan kai girman yanka a wata uku zuwa huɗu, wato kafin fitinarsa ta kankama, don haka mai irin wannan ba shi da dalilin jira. Ga nauyinsa kuma, idan ya hau ƙaramar kazar gida yakan ji mata ciwo ko da ba da mugunta ba. Zakaran gida sai ya kai wata biyar ko shida kafin ya yi abin kirki, kuma a nan ne keji na wata ɗaya ko biyu yake shigowa a matsayin gada zuwa ranar yanka.

Tsakanin yanka da sayarwa, sayarwa ta fi idan ana gab da biki ko ana buƙatar kuɗin a hannu, yanka kuma ya fi idan zakaran ya riga ya ji rauni, domin dillali zai karya farashin mai yagaggen zanko ko da namansa lafiya lau yake. Wanda aka kai kasuwa bai sayu ba, kada a dawo da shi cikin sauran kai tsaye, domin ya kwana a keji ɗaya da kajin garuruwa da dama. Wanda kuma aka ba maganin ƙwayoyin cuta saboda rauni, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin maganin su cika kafin a ci namansa.

Akwai tambayar da ya kamata a yi tun farko amma ba a cika yi ba, wato ko gidan yana buƙatar zakara ma. Kaza tana yin ƙwai ko babu namiji, abin da ba za ta yi ba shi ne ƙyanƙyasa. Mai kiwon Shika Brown, irin kajin ƙwai da cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta samar, idan ƙwan ci ko na sayarwa yake so, zakara ƙarin baki ne kawai a wurinsa. Mai son 'yan tsaki ma ba lallai ne ya riƙe zakara kullum ba, domin bayan barbara kaza kan ci gaba da yin ƙwai mai ɗa har kusan mako biyu, kuma a unguwar da kaji ke fita waje zakaran maƙwabta yana yin aikin ba da an roƙe shi ba. Amma ga kajin da ke yawo a fili, zakara nagari yana da amfanin da ya wuce barbara, domin shi ne ke ɗaga kai yana duban sama yayin da sauran ke ci, ya yi kururuwa idan shaho ko shirwa ta gilma.

Zaɓen wanda za a bari shi ne inda aka fi yin kuskure, domin ido yakan tafi ga wanda ya fi girma da ƙarar cara, wanda sau da yawa shi ne mafi zalunci. Gara a zauna da yamma a watsa dawa a kalle su na 'yan kwanaki. Akwai wanda idan ya sami abinci yakan yi ƙaramin kira yana ɗauka yana ajiyewa har kaji su zo su ci, ya saukar da fiffike ɗaya ya zagaya kaza kafin ya hau ta, ya kuma kauce wa mutum ba tare da firgita ba. Akwai kuma wanda ke cafkar ƙeyar kaza daga baya tana ihu, ya kori kowa daga kasko. Na farkon ake bari, ko da na biyun ya fi shi kyan gashi, matuƙar ƙafafunsa a miƙe suke, ƙirjinsa cike, idonsa garau. Idan tsohon zakaran gidan yana da wannan hali kuma bai gaza ba, babu laifi a bar shi a rage samarin duka, sai dai kada ya wuce shekara biyu yana hawan 'ya'yansa da jikokinsa, domin iri yakan tsumbure, ƙyanƙyasa ta ragu. Maganin wannan shi ne musaya da wani gida mai nisa wanda aka san lafiyar kajinsa, abin da ya fi sayen na kasuwa aminci, musamman tun da murar tsuntsaye ta shigo Najeriya a 2006 ta kuma riƙa dawowa lokaci zuwa lokaci. Baƙon zakara, ko daga ina ya fito, a ajiye shi shi kaɗai mako biyu zuwa uku ana duban numfashinsa da kashinsa, sannan a shigar da shi akurki da dare bayan an riga an fitar da wanda zai gada, a kuma tashi da asuba a ga yadda kajin suka karɓe shi.